Ranar da Na Cire Sunan Kamilu daga Ajin Yamma

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na sa hannu aka cire sunan Kamilu Iro daga ajin yamma ba. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma na sa hannu a takardun da ban san adadinsu ba, amma wannan ita kaɗai ce har yau take yi mini nauyi. Tunda kun ce in ba ku labari guda daga aikin nan kafin in tattara littattafaina in bar muku ofis, wannan zan ba ku, ko da yake ba labarin da zai sa ku yaba mini ba ne.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare da ƙungiyar unguwa ta kafa a Malali. Ba zan faɗi sunanta ba, don wasu daga cikin waɗanda muka yi aiki tare suna nan da ransu. Firinsifal ɗinmu Hajiya Mairo ce, tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da aka ɗauko bayan ta yi ritaya. Mace ce mai tsari, mai son a ga makarantarta fes. A ƙarƙashinta akwai mataimaki, sannan shugabannin sassa. Ni ina riƙon ƙwaryar shugabancin sashen Turanci, wato aikin yana hannuna amma ba a tabbatar mini da kujerar ba. Ku riƙe wannan, don yana cikin abin da ya kashe mini baki.

Ga yadda ajin yamma yake. Duk yaron da ya shigo aji ɗaya sai an yi masa gwaji iri biyu. Na farko hira ce ta baki, na biyu kuma a ba shi shafi ya karanta ya amsa tambayoyi a rubuce. Wanda ya gaza a na biyun sai ya riƙa tsayawa bayan an tashi, daga Litinin zuwa Alhamis, a yi masa ƙarin darasi har shekara guda. Ba a fitar da yaro sai ya sake zama gwajin ya ci, sannan shugaban sashe ya sa hannu. Yara ba sa son ajin. 'Yan'uwansu suna kiransa ajin daƙiƙai, kuma duk ƙoƙarinmu bai hana wannan suna ba.

Kamilu ɗan shekara goma sha biyu ne lokacin da aka kawo shi. Mahaifinsa, Malam Iro, bakanike ne a Unguwar Shanu, kuma a garejin nan yaron ya tashi. Tun yana ƙarami yake jin masu mota suna magana, Inyamurai masu sayar da kayan gyara, Yarabawa direbobi, ma'aikatan ofis masu sauri. Duk ya kwashe. Ranar hirar shiga makaranta, da na tambaye shi sunansa da Turanci, sai ya ba ni sunan, ya ba ni na unguwarsu, ya ƙara da tambayar ko tawa ce jar motar da ke waje, don ya ji ƙarar injinta ba daidai take ba. Duk wanda ke ɗakin sai da ya yi dariya. Ba broka zalla, wato Turancin titi, yake yi ba. Ya san Turancin da ake yi wa mai kwat da wanda ake yi wa ɗan acaɓa, kuma yana sauyawa ba tare da ya yi tunani ba.

Da aka ba shi takarda sai labari ya canza. Ya karanta shafin a fili da murya mai daɗi, bai yi tuntuɓe sosai ba. Na rufe littafin na ce ya gaya mini abin da ya karanta. Ya dube ni ya yi murmushi, ya fara ba ni wani labari daban da ya haɗa daga kalmomi uku ko huɗu da ya gane. Tambayoyin rubutu kuwa, kusan duk bai taɓa su ba. Na sa sunansa a ajin yamma.

A zangon farko na fahimci matsalarsa sarai. In kuna hira da Kamilu, yana ganin fuskarka, yana ganin hannunka, yana iya tsayar da kai ya tambaya. Littafi ba ya ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Littafin kimiyya zai jero jimla mai tsawo, ya ɓoye wanda ya yi aikin, ya ɗora dalili kan dalili. Takardar jarrabawa za ta ce ka kwatanta, ko ka bambanta, ko ka kawo hujja, kuma waɗannan kalmomi ba wanda ke faɗarsu a gareji. Wata rana malamin lissafi ya ce su zana jadawali su zuba amsoshinsu a ciki. Kun san kalmar da Bature ke kiran jadawali da ita, da ita dai yake kiran tebur. Kamilu ya zana tebur mai ƙafa huɗu, har da aljihu, ya rubuta amsoshin a samansa. Kuma amsoshin daidai ne. Malamin ya ɗaga takardar ya nuna wa aji, aka yi ta shewa. A ɗakin malamai ma an yi dariyar har kwana biyu. Kowa ya ɗauka shaƙiyanci ne irin nasa.

Amma a ajin yamma yana tafiya. A hankali ne, amma yana tafiya. Nakan ɗauko sakin layi guda daga littafin kimiyyarsu mu warware shi jimla-jimla. In na ce ya kwatanta injin fetur da na dizal, sai ya zuba bayani kamar ruwa, daga nan in nuna masa cewa abin da ya yi yanzu shi ne kalmar nan take nema a takarda. Sai idonsa ya buɗe. Ya fara ajiye ɗan littafi yana tara irin waɗannan kalmomi. Na san in aka bar mini shi shekarar nan, da wata bayanta, zai kamo.

A tsakiyar zango na biyu aka yi ranar iyaye. An gayyato manyan unguwa da 'yan kwamitin makaranta. Ana neman ɗalibin da zai yi jawabin maraba, kowa ya ce Kamilu. Na rubuta masa jawabin, bai iya haddace shi ba, sai na gaya masa ma'anar da Hausa na ce ya faɗa yadda ya ga dama. Ya hau dandamali ya yi abin da ya fi wanda na rubuta. Ya sa mutane dariya, ya gode wa iyaye, ya yi wa shugaban kwamiti kirari da Turanci. Aka tafa har da tsayuwa. Malam Iro yana can baya da wankakkiyar rigarsa, na ga yana share ido da hularsa.

Bayan an tashi, shugaban kwamitin ya kira yaron ya dafa kansa, ya tambaye shi me yake yi in an tashi daga makaranta. Kamilu, da gaskiyarsa, ya ce yana tsayawa ajin yamma. Mutumin ya juya ya dubi Hajiya a gaban baƙi ya ce, "Wannan yaron ne a ajin marasa Turanci? To, Hajiya, ko dai malaman naku ne ya kamata a sa a ajin?" Aka yi dariya. Hajiya ma ta yi, amma ni da na san ta na ga yadda fuskarta ta ɗaure daga baya.

Ranar Laraba ta aiko a kira ni. Na tarar da takardar fita a kan teburinta, an riga an cike sunan yaron.

"Malam Shehu, sa hannu nan," in ji ta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, bai zauna gwajin ba tukuna."

"Wane gwaji kuma? Gwajin da ya yi a gaban mutum ɗari bai ishe ka ba?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na ce magana daban, karatu daban. Na ce yaro yana iya kama Turancin hira cikin ɗan lokaci in yana cikin masu yi, amma na littafi shekaru yake ɗauka, kuma sai an koyar da shi da gangan. Na ce in ta yarda in kawo mata takardunsa ta gani da idonta.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Turanci dai Turanci ne, Malam. Na yi shekara da shekaru a ofis, ban taɓa jin an ce iri biyu ne ba. Yaron nan ya fi wasu malamanmu baki. In bai ci jarrabawa ba, wasa ne ya yi masa yawa, kuma maganin wasa ba ajin yamma ba ne." Sannan ta ƙara da cewa, "Kwamiti zai zauna kan maganar kujerarka ƙarshen zangon nan. Ba na son a ce shugaban sashe bai iya bambanta yaron da ya iya da wanda bai iya ba."

Ba ta tsawata mini ba, ba ta tilasta ni ba. Biro ta miƙo mini kawai. Na karɓa na sa hannu. A ƙarshen zangon aka tabbatar mini da kujerar.

Da na gaya wa Kamilu an fitar da shi, tsalle ya yi. Ya ce, "Malam, na gode, Baba zai ji daɗi." Na ce masa ya dage.

Daga nan abin ya fara gangarowa. A zango na uku ya faɗi kimiyya da nazarin zamantakewa. A aji biyu littattafai suka ƙara kauri, jimloli suka ƙara tsawo, shi kuma ba mai zama da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bakin nan nasa da ya fitar da shi daga ajin yamma, shi ne ya zama shaida a kansa. Da a ce yaro ne mai in'ina da Turanci, da malamai sun tausaya masa sun sassauta. Amma wa zai yarda cewa wanda ya yi jawabin ranar iyaye bai gane tambaya ba? Sai aka ce malalaci ne. Aka ce surutu ya iya. Malamin horo ya zane shi a gaban taron safe sau biyu saboda bai yi aikin gida ba. A katin sakamakonsa malamai suka riƙa rubuta cewa yana da ƙwaƙwalwa amma ba ya son karatu. Ni ma da katin ya zo gabana, na rubuta, "Ya ƙara ƙoƙari."

Yaron ya canza. Ya koma kujerar baya. Wanda da in an yi tambaya hannunsa ke fara tashi, ya zama sai an kira sunansa sau biyu. Wata rana bayan an tashi, ina shirin shiga ajin yamma da sababbin ɗalibai, na same shi tsaye a bakin ƙofa da jakarsa.

"Malam, don Allah a mayar da ni."

Na ce, "Ina?"

"Nan. Ko a ƙasa ne zan zauna. Malam, in malami yana bayani ina ji. Amma in na buɗe littafin, wallahi kamar wani yare ne. Ina ganin kalmomin, na san wasunsu, amma ba sa haɗuwa."

Yaro ɗan shekara goma sha uku ya faɗi ciwonsa daidai, fiye da yadda ni mai takardar shaidar koyarwa na faɗa wa Hajiya. Amma ajin na 'yan aji ɗaya ne, sunansa ya fita daga rajista, kuma mayar da shi yana nufin in koma ofishin firinsifal in ce sa hannun da na yi ƙarya ne. Na ce masa doka ba ta yarda ba. Na shiga ofis na ɗauko masa wani littafin labarai na ce ya riƙa karantawa a gida. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya gode. Bai sake zuwa ba.

A ƙarshen aji biyu sakamakonsa bai kai na wucewa ba. Ƙa'ida ita ce a kira uba a gaya masa ɗansa zai maimaita aji. Malam Iro ya zo da safe, da alamar daga gareji yake, don akwai baƙin mai a gefen farcensa duk da ya wanke hannu. Ya cire takalmi a bakin ofis ko da yake ba a ce ya cire ba. Muna huɗu a ciki, Hajiya, ni, shi, da Kamilu a tsaye jikin bango.

Hajiya ta yi masa bayani a hankali. Ta ce yaron Allah ya ba shi kai, amma wasa ya fi ƙarfinsa, kuma makaranta ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Malam Iro ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ni ban yi boko ba. Abin da kuka gaya mini shi zan ɗauka. Amma a gida in na tambaye shi, sai ya ce mini ba ya gane Turancin littafin. Ni kuma ina jin sa da kunnena yana Turanci da manyan mutane." Ya juyo wurina. "Malam, an ce kai ne babban malamin Turanci. Don girman Allah ka gaya mini. Yaron nan ya iya Turanci ko bai iya ba?"

Kamilu ya ɗago kai ya dube ni. Tun shigowarsu bai ɗago ba sai lokacin. Hajiya kuma tana juya biro a hannunta.

Amsar tana bakina. Ya iya na magana, bai iya na karatu ba, kuma mu muka katse masa koyon. Jimla uku ce. Na buɗe baki na ce, "Ya iya, Malam Iro. Kowa ya san ya iya."

Mutumin ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To, ashe ƙarya yake yi mini." Bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya gode wa Hajiya, ya gode mini, ya ce ba sai an wahalar da kujera ba, tunda yaro ba ya so, akwai aiki a gareji. Hajiya ta ce ya yi haƙuri ya sake tunani, amma ba ta matsa ba. Suka fita, uban a gaba, ɗan a baya. Kamilu bai waiwayo ba.

Na gaya wa kaina zan je garejin in yi wa mutumin bayani. Daga Malali zuwa Unguwar Shanu ba tafiya ba ce. Na ce sai an yi hutu. Da aka yi hutu na ce sai an dawo. Daga baya na bar makarantar na zo nan, na kuma lallashi zuciyata da cewa sana'a ma abin yi ce.

Shekaru sun fi goma sannan na sake ganinsa. Motata ce ta mutu a Badarawa da rana tsaka, wani mai shago ya ce bari ya kira mini bakanike. Sai ga mutum ya sauko daga babur, dogo, da gemu, da akwatin kayan aiki. Shi ya fara gane ni. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali. Cikin ɗan lokaci ya gano matsalar ya tayar da motar. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, na ji yana yi wa wani mai mota bayani da Turancin nan nasa mai santsi, har ya fi da.

Na tambaye shi aiki, ya ce alhamdu lillahi, garejin yana hannunsa yanzu, ya yi aure, yana da 'ya'ya biyu. Ya ce abu guda ne ke ba shi wahala. Wani kamfani ya taɓa neman makanikai da za a horar kan sababbin motoci, ya ci gwajin hannu, amma da aka zo na rubutu sai ya ajiye biro ya fito. Ya faɗa yana dariya.

Na ce, "Malam Iro fa?"

"Baba ya rasu, Malam. Bara waccan."

Na yi masa ta'aziyya. Ya amsa, ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mun zauna lafiya da shi. Amma maganar makarantar nan bai taɓa sakinta ba. Ko a asibiti sai da ya ce ya yafe mini ƙaryar da na yi masa." Ya ninke tsumman ya sa a aljihu. "Na ce masa na gode. Me zan ce, Malam?"

A bakin titin nan, motoci suna wucewa, na gaya masa abin da ya faru ranar Laraba a ofishin Hajiya, da dalilin amsar da na ba mahaifinsa. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "Ai na sani, Malam. Tun ranar na sani. Ba komai, ya wuce." Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

To, ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku ci gaba da aikin nan. Yaran garin nan suna tashi cikin harsuna, kuma da yawansu za su zo muku da Turanci a baki. Kada daɗin bakin ya rufe muku ido. Ku ba yaro shafi, ku zauna kusa da shi, ku rufe littafin ku ce ya gaya muku abin da ya gane. Mai shiru kowa yana ganin matsalarsa. Mai baki shi ne ke nutsewa ana tafa masa. In kuka ji ana ce wa yaro mai wayo malalaci, ku bincika kafin ku ɗauki bulala, don sau da yawa kalmar nan mu malamai muke fakewa da ita in ba mu son a ce aikinmu ne bai cika ba.

Game da mutanen aikin kuwa, ba na ɗora wa Hajiya Mairo laifin da ya fi nawa. Ita ba ta sani ba, kuma ta yi imani da abin da ta faɗa. Ni na sani. Makaranta tana iya jure jahilcin shugaba in akwai malami guda da zai tsaya ya ce a'a. Iyaye irin Malam Iro kuma ba su da wata hanyar sanin gaskiyar 'ya'yansu sai ta bakinmu. Abin da muka faɗa musu a ofis cikin minti biyu, da shi suke komawa gida, da shi suke kallon ɗansu har ƙarshen rayuwa.

Tun daga ranar da na haɗu da Kamilu a Badarawa ban sake fitar da yaro daga ƙarin darasi ba tare da gwaji ba, kuma na yi faɗa da shugabanni biyu a kan haka. Wasunku sun sha cewa ina da taurin kai, yanzu kun san daga inda ya fito. Amma kada ku ɗauka wannan ya biya. Yaran da na tsaya wa daga baya 'ya'yan wasu ne. Mutumin da ya haɗa ni da girman Allah ya tambaye ni yana kabari, kuma ya tafi yana ganin ɗansa maƙaryaci ne.